Yadda Ake Gane Batirin da Ke da Sauran Ƙarfi a Gida

A kusan kowane gida a Kaduna akwai wani gwangwani, ko wani lungu na durowa, da ake tara batura a cikinsa, sababbi da tsofaffi a cakuɗe, ba tare da kowa ya san wanda aka ciro daga rimot a watan jiya da wanda aka sayo aka manta da shi ba. Ba a tunawa da wannan gwangwani sai daren da aka ɗauke wuta kuma tocila ta ƙi kamawa, sannan ne za a zazzage shi a kan tabarma a shiga gwada batura ɗaya bayan ɗaya, ana sakawa ana cirewa, har a gaji a haƙura da fitilar waya. Washegari sai a kwashe su gaba ɗaya a zuba a shara, alhali kuwa da yawa daga cikinsu za su iya riƙe agogon bango na tsawon watanni.

Abin da ke kawo wannan asara shi ne yadda muka ɗauki batir a matsayin abu mai hali biyu kawai, ko yana da rai ko ya mutu. Batir kuwa ba ya mutuwa farat ɗaya. Ƙarfinsa yana raguwa ne sannu a hankali, kuma kowace na'ura tana da iyakar da take daina aiki idan ƙarfin ya sauka ƙasa da ita. Tocila mai haske sosai da motar wasan yara suna jan wuta da yawa, don haka su ne ke fara ƙin batir, amma abin da agogon bango da rimot ɗin talabijin suke ja bai taka kara ya karya ba. Saboda haka tambayar da ta dace a yi a kan kowane batir ita ce, wane aiki ne zai iya yi a halin da yake ciki yanzu.

Kafin a gwada komai, a fara karanta abin da aka rubuta a jikin batirin, domin gwajin da ya dace da wani iri yana iya yaudarar mutum a kan wani irin. Ƙananan baturan da ake sa wa rimot da agogo, wato AA da ƙanensa AAA, da kuma manyan da ake sa wa rediyo da tsohuwar tocila, dukansu bolt 1.5 ne (bolt shi ne ma'aunin ƙarfin wutar batir), girman jiki kawai yana nuna yawan abin da ke ciki da tsawon lokacin da zai ɗauka yana aiki. Sai dai sun kasu gida biyu. Akwai na gargajiya masu araha irin su Tiger Head, waɗanda jikinsu gwangwanin zinki ne da sandar gawayi a tsakiya, kuma duk wanda ya taɓa fasa tsohon batir yana yaro don a shafa baƙin garinsa a allon aji ya san wannan sanda. Akwai kuma na alkalin irin su Duracell da Energizer, waɗanda suka fi nauyi a hannu, suka fi tsada, suka kuma fi daɗewa. Hanya mafi sauƙi ta rarrabe su ita ce lambar da ke jiki: R6 da R03 da R20 na gargajiya ne, LR6 da LR03 da LR20 kuwa na alkalin ne. A duba kwanan watan da aka buga a jiki ko a gindi, domin na gargajiya ba ya wuce shekara biyu zuwa uku a ajiye, na alkalin kuma yana kaiwa shekara biyar zuwa goma idan an adana shi da kyau.

Ido shi ne na'urar gwaji ta farko. Batirin da ya kumbura, ko ya yi tsatsa, ko ya fitar da farin gari ko wani ruwa mai danƙo a bakinsa, ya gama aiki, kuma ba ya buƙatar wani gwaji. A ɗauke shi da takarda ko leda, kada a taɓa ido da hannun da aka taɓa shi, sannan a wanke hannu da sabulu.

Daga nan sai a duba mazaunin batirin a cikin na'urar kafin a ɗora masa laifi. Kowa ya san dabarar nan ta buɗe bayan rimot a mulmula baturan da babban yatsa, sai rimot ya ci gaba da aiki kamar an yi masa magani. Mulmulawar ba ta ƙara wa batir komai, abin da take yi shi ne kankare ɗan dattin da ya shiga tsakanin bakin batirin da ƙarfen da yake taɓawa. A garin da ƙurar hunturu ke shiga ko'ina, damina kuma ta zo da laimar da ke sa ƙarfe tsatsa, wannan matsala ta fi yadda ake zato yawa. A goge bakin batir da ƙarafan mazauninsa da busasshen tsumma ko da magogin fensir, a kuma ɗan ja sifirin ɗin idan ya lanƙwashe ya daina matse batirin. Idan tsohon batir na alkalin ya taɓa yoyo a wurin ya bar farin gari, a jiƙa auduga da ɗan ruwan lemun tsami a goge, domin abin da ya fito daga cikinsa dangin kanwa ne, tsami ne ke kashe kaifinsa, sannan a bari wurin ya bushe sarai kafin a sa sabo.

Gwajin da ba ya buƙatar na'urar awo

Akwai gwajin da ya yaɗu a intanet, na sakin batir a ƙasa a ga ko zai yi tsalle. Ana riƙe batirin a tsaye, gindinsa mai faɗi yana kallon ƙasa, a sake shi daga nisan da bai wuce tsawon ɗan yatsa ba a kan tayil ko daɓen siminti. Sabon batir yana sauka da nauyi, ya yi ƙara dif, wani lokacin ma ya tsaya da ƙafarsa, wanda aka yi amfani da shi kuwa sai ya yi tsalle ya faɗi gefe. Wannan ba camfi ba ne. A shekarar 2015 masu bincike a Jami'ar Princeton ta Amurka sun bi diddigin lamarin, suka gano cewa zinkin da ke cikin sabon batirin alkalin gari ne a cikin wani abu mai kauri kamar kunu, wanda ke shanye bugun idan batirin ya faɗi, amma yayin da ake amfani da shi sai zinkin ya riƙa rikiɗa zuwa wani sinadari mai tauri da ke haɗe ƙwayoyin garin da juna, har cikin batirin ya zama mai mayar da bugu.

Sai dai binciken ya nuna wani abu da masu yaɗa gwajin ba su cika faɗa ba, wato tsallen yana kaiwa maƙurarsa tun batirin yana da kusan rabin ƙarfinsa, daga nan kuma ba ya ƙaruwa. Ma'ana, batirin da ya rage rabi da wanda ya ƙare ƙurmus tsalle iri ɗaya suke yi. Amfanin gwajin ke nan ya tsaya a kan rarrabe sabo da wanda aka taɓa amfani da shi, kuma a kan na alkalin kaɗai, domin cikin na gargajiya da na caji ba haka yake ba. Ga wanda ya zazzage gwangwani a cikin duhu yana neman sababbi biyu da zai sa wa tocila, wannan ya wadatar, amma wanda ya zubar da duk batirin da ya yi tsalle ya zubar da kuɗinsa.

Gwajin harshe kuma, wanda masu gyaran rediyo suka saba yi da batirin nan mai kusurwa huɗu na bolt 9 da ake sa wa makirfo a masallatai da wuraren taro, ba na ba da shawarar a yi shi. Gaskiya ne sabo yana tsikarar harshe, wanda ya yi rauni kuma da ƙyar ake jinsa, amma harshe ba ya ba da lamba, kuma babu hikima a lasar abin da ba a san ko ya fara yoyo ba.

Hanyar da ta fi waɗannan inganci, idan babu mitar awon lantarki, ita ce gwaji da na'urar da aka tabbatar tana aiki. A samo ƙaramar tocila mai cin batir ɗaya tak, a fara sa mata sabon batir a ga iyakar haskenta a jikin bango, sannan a riƙa sa tsofaffin ɗaya bayan ɗaya ana kwatantawa. Dalilin zaɓen mai cin batir ɗaya shi ne, a na'urar da ke cin biyu ko huɗu, batir ɗaya mai rauni ya isa ya ja sauran ƙasa, sai a yi zaton dukansu sun mutu. Muhimmin abu shi ne a bar tocilar a kunne na kamar minti ɗaya a kan kowane batir. Batirin da ya huta yakan ba da haske mai kyau a daƙiƙun farko, sannan hasken ya fara dusashewa a kan idon mutum, kuma wannan dusashewar ita ce shaidar da ake nema.

Wannan farfaɗowa ta ɗan lokaci ita ce sirrin wata tsohuwar al'ada. Wani kawuna da ke zaune a Tudun Wada, wanda ba ya rabuwa da rediyonsa tun daga shirin asuba na Rediyon Tarayya Kaduna har zuwa labaran BBC na dare, yakan jera manyan baturansa a kan katanga da hantsi su sha rana, la'asar ta yi ya mayar da su. Na taɓa ce masa, "Kawu, ai rana ba ta caja irin wannan batir." Sai ya murɗa rediyon, murya ta fito tangaran, ya dube ni ya ce, "To, ɗana, wannan da kake ji mene ne?" Dukanmu muna da gaskiya. Zafi yana hanzarta aikin sinadaran da ke ciki, hutun da batirin ya samu kuma yana ba su damar sake bazuwa, shi ya sa ragowar ƙarfin ke fitowa na ɗan lokaci, amma babu wani sabon ƙarfi da ya shiga, kuma yawan shanyawa yana gaggauta yoyo. Haka abin yake ga masu ƙwanƙwasa batir da dutse ko masu gartsa masa haƙori. Wannan na ƙarshe kam a daina shi gaba ɗaya, a kuma hana yara, domin gwangwanin tsohon batirin gargajiya ya riga ya zaizaye ya yi laushi, abin da ke cikinsa kuma yana ƙona baki.

Gwaji da mita

Duk gidan da ke da fitilun caji da rediyo da inbata ya kamata ya mallaki ƙaramar mitar awon lantarki, irin wadda masu gyaran waya da talabijin ke amfani da ita. Ana samunta a wurin masu sayar da kayan lantarki a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da shagunan da ke kan titin Ahmadu Bello, kuma mafi arha a cikinsu ta isa wannan aiki. Tana zuwa da wayoyi biyu masu tsini, ja da baƙa. Ana soka baƙar a ramin da aka rubuta COM, jar kuma a ramin da ke da harafin V. Sannan a murɗa makunnin zuwa ɓangaren V mai miƙaƙƙen layi da ɗigo-ɗigo a ƙarƙashinsa, wanda shi ne na wutar batir, a tsayar da shi a kan lamba 20. Harafin V mai lanƙwasasshen layi na wutar soket ne, ba zai ba da amsar kirki a kan batir ba. Sai a ɗora tsinin jar waya a kan batirin, wajen alamar +, tsinin baƙar kuma a gindinsa. Idan alamar ragi ta fito kafin lambar, an juya wayoyin ne kawai, babu abin da ya lalace. Kuskuren da ke lalata kaya shi ne soka jar waya a ramin da aka rubuta 10A sannan a ɗora ta a kan batir, domin yin haka daidai yake da haɗa kai da gindin batirin da waya kai tsaye, kuma a kan batirin mota ko na inbata yana iya ƙona mitar har ya ƙona hannu.

Sabon batirin bolt 1.5 yakan nuna tsakanin 1.55 da 1.6. Idan ya nuna 1.4 ko sama da haka, yana da sauran aiki sosai. Tsakanin 1.3 da 1.4 ya ci rabin hanya, ya fi dacewa da rimot ko agogo. Daga 1.2 zuwa ƙasa abin da ya rage kaɗan ne, ko da yake agogon bango yana iya lallaɓawa da shi na wani lokaci. Ratar da ke tsakanin cikakken batir da wanda ya kusa ƙarewa ke nan ba ta kai rabin bolt ba, shi ya sa ganin mita ta nuna 1.2 bai kamata ya sa mutum ya yi lissafin cewa kashi huɗu cikin biyar na ƙarfin suna nan ba. Batirin bolt 9 ƙananan batura shida ne aka jera a cikinsa, sabo yakan nuna kusan 9.5, kuma idan ya sauka zuwa wajen 7.5 lokacin canza shi ya yi, musamman a makirfo.

A nan ne kuma mita take iya yaudara, kuma ni kaina ta taɓa yaudarata. Na sayi fakitin batura a wani shago, na auna su a gida kowanne ya nuna 1.5 da ɗoriya, na sa biyu a tocila, kafin a yi sallar isha'i hasken ya koma ja kamar garwashi. Na ciro su na sake aunawa bayan sun ɗan huta, suka nuna kusan abin da suka nuna da farko. Dalili shi ne mita ba ta jan wuta daga batir, tana auna shi ne yana zaune ba ya aikin komai, kamar a dubi jaki a tsaye a turke a ce lafiyarsa ƙalau, alhali ba a ɗora masa mangala ba. Batirin da ya tsufa a kanta, ko wanda ya sha zafi a ajiye, cikinsa yana toshewa, ya zama kamar famfon da ke feso ruwa da ƙarfi idan an fara buɗe shi sannan ya koma ɗiga.

Maganin wannan shi ne a auna batirin yana cikin aiki. Hanya mafi sauƙi ita ce a bar shi a cikin rediyo ko wata na'ura da ake iya buɗe murfin baturanta, a kunna ta, sannan a ɗora tsinayen mita a kai da gindin kowane batir. Wanda yake son ya daidaita gwajin sai ya nemi rezista mai om 10 a wurin mai gyaran rediyo, wani ɗan ƙaramin abu ne kamar ƙwayar shinkafa mai ƙafa biyu, ya naɗe ƙafafunta a tsinayen mitar biyu, ta yadda duk lokacin da ya ɗora su a kan batir za ta riƙa jan wuta gwargwadon abin da ƙaramar tocila ke ja. Batirin AA mai lafiya zai tsaya sama da 1.3 ba tare da lambar ta riƙa gangarowa ba. Wanda ya tsaya tsakanin 1.1 da 1.3 a mayar da shi agogo ko rimot. Wanda kuwa ya faɗi ƙasa da 1.0, ko lambarsa take ta zamewa ƙasa cikin daƙiƙa goma, ya gama. Wannan rezista ta baturan bolt 1.5 ce kawai, idan aka ɗora ta a kan na bolt 9 ko 12 za ta yi zafi ta ƙone.

Ƙananan baturan nan masu kama da kwabo, waɗanda ke cikin makullin mota da sikelin awon nauyi da na'urar gwajin suga, su ne suka fi kowane iri ɓoye halinsu. Wanda aka fi sani shi ne CR2032, kuma lambar tana nufin faɗinsa milimita 20 ne, kaurinsa milimita 3.2. Bolt 3 ne, sabo yakan nuna 3.2 ko 3.3, kuma yana riƙe kusan 3.0 har sai ya zo dab da ƙarewa, saboda haka wanda ya nuna 2.8 a mita ya riga ya tafi. Ga na'urar gwajin suga da ta awon hawan jini, shawarata ita ce kada a yi tsumulmula, da zarar alamar batir ta fito a fuskar na'urar a sa sabo. A kuma ɓoye waɗannan batura daga yara fiye da yadda ake ɓoye magani. Idan yaro ya haɗiye ɗaya ya maƙale masa a maƙogwaro, yana iya ƙona naman wurin cikin awa biyu, don haka asibiti ake nufa nan take ko da yaron yana wasansa, kuma ba a sa shi amai.

Baturan caji suna da nasu lissafi, kuma wanda ya auna su da ma'aunin na bolt 1.5 zai zubar da masu lafiya. Na caji masu girman AA da AAA, waɗanda aka rubuta NiMH a jikinsu, bolt 1.2 ne tun asali. Suna nuna kusan 1.4 idan an sauke su daga caji, su sauko 1.2 su daɗe a wurin, sannan su faɗi da sauri idan sun kusa ƙarewa. Lafiyarsu ana gane ta ne da lokaci: a cika su, a ajiye su kwana uku ko huɗu, a sake aunawa, sannan a sa su aiki a ga ko suna kaiwa inda suka saba kaiwa. Batirin da ba na caji ba kuwa ba a sa shi a caja ko da wasa, domin zai yi yoyo ko ya fashe.

Tocilolin caji da ƙananan fitilun sola da fawabank yawancinsu suna ɗauke da batirin litiyam mai lamba 18650, wanda ya ɗan fi AA tsawo da kauri. Cikakke yana nuna 4.2, a tsakiyar hanya 3.7, idan ya kai wajen 3.0 kuma ya ƙare sai a mayar da shi caji. Wanda aka tarar ya daɗe a ƙasa da 2.5, ko ya kumbura, ko ledar jikinsa ta yage, ko yake zafi sosai a lokacin caji, a rabu da shi, domin irin wannan ne ke tayar da gobara. Wani abin lura shi ne lambar yawan caji da ake bugawa a jiki. Nagari daga manyan kamfanoni ba ya wuce kimanin mAh 3,500, saboda haka duk wanda aka rubuta wa 8,800 ko 9,900 ƙarya ce tsagwaronta, kuma sau da yawa idan aka ɗaga shi za a ji ba shi da nauyi. Batirin wayar da ake iya cirewa kuma ana gane kumburinsa ta hanyar kwantar da shi a kan tebur a juya shi da yatsa, idan ya yi ta wulwulawa kamar katantanwa to cikinsa ya taso.

Manyan baturan dalma na bolt 12, na mota da na inbata, ba a auna su da zarar an sauke su daga caji, domin a lokacin sukan nuna lambar da ta fi gaskiyarsu. A kashe komai, a bar batirin ya huta na wasu awanni, sannan a auna. Daga 12.6 zuwa 12.8 ya cika, wajen 12.2 ya rage rabi, ƙasa da 12.0 kuma ya yi nisa, kuma barin batirin inbata yana sauka ƙasa da rabi kullum shi ne abin da ke gajarta rayuwarsa, abin da ke faruwa a gidaje da yawa a makonnin da wuta ta yi ƙaranci. A mota, idan lambar ta faɗi ƙasa da 9.6 a lokacin da ake tayar da inji, batirin ya yi rauni, idan inji ya tashi kuma ya kamata a ga tsakanin 13.7 da 14.7, in ba haka ba matsalar tana wajen abin da ke caja batirin. Ba a kusantar waɗannan batura da ashana ko sigari, domin suna fitar da iska mai kama wuta a lokacin caji.

Bayan an gama gwaji, sai a raba abin da ke cikin gwangwanin gida uku, sababbi a bar su cikin fakitinsu, masu rabin ƙarfi a yi musu alama da alƙalamin maka a ware su don agogo da rimot, matattu kuma a fitar da su daga gidan. Ba a haɗa sabon batir da tsoho a na'ura ɗaya, haka ma na alkalin da na gargajiya, domin mai ƙarfin zai ci gaba da tura wuta ta cikin wanda ya ƙare har ya sa shi yoyo, kuma rediyo da tocila masu yawa ta wannan hanya suka lalace. Na'urar da za a daɗe ba a yi amfani da ita ba, kamar tocilar da aka ajiye saboda tafiya, a cire mata batura. Wurin ajiya ya zama mai inuwa kuma busasshe, nesa da taga da murhu da cikin mota, domin a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Kaduna ke kaiwa digiri 35 ko ya wuce, batirin da aka bari a gaban mota yana tsufa da sauri ko da ba a taɓa amfani da shi ba. Kada kuma a zuba su tare da makullai da ƙusoshi, musamman na bolt 9 da bakunansa biyu suke gefe ɗaya, ƙarfe ɗaya ya isa ya haɗa su ya yi zafi.

Matattun batura ba a jefa su cikin sharar da za a ƙona, domin suna fashewa a wuta, kuma ba a yar da su a tsakar gida inda yara da awaki ke yawo. Masu kama da kwabo da na litiyam da na bolt 9 a liƙe bakunansu da salatif kafin a tara su a cikin roba mai murfi. Na dalma kuwa suna da kuɗi, domin masu sayar da batir sukan karɓi tsoho su rage farashin sabo, masu sayen tsofaffin ƙarafa a Panteka ma suna saye, sai dai a kai shi a tsaye da ruwansa a ciki, kada a tuttular da ruwan a kwata ko a fasa batirin a gida.